Motar da Ba Ta da Aji

Ajiye zarton nan tukuna, Sallau, ka ba ni aron kunnenka. Na ga ka ja layi da alli a jikin motar nan za ka yanke ta, ban kuwa ji ka faɗi ajin da za ka shigar da ita a tseren ba. Ni ƙarfina ya ƙare, ba na iya riƙe hannun kowa, sai dai in ba ka misali.

An yi wani makanike a garejin bayan tasha, gwanin inji ne, mota na yin tari daga nesa ya san abin da ke damunta. Sai tseren da ake yi a tsohon filin jirgin sama ya shiga ransa, irin wanda motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, a ɗaga tuta, su miƙe a gajeren fili babu kwana, wadda ta riga kai layi ta ci. Masu shirya tseren sun raba motoci aji-aji. Akwai ajin motocin titi, wanda sai mota tana da kujerunta da gilasanta, injinta kuma kusan yadda ya zo, gyara kaɗan aka yarda da shi. Akwai kuma babban aji, inda kowa ke ƙera abin da ƙarfinsa ya kai. Makaniken bai tsaya tambayar wannan ba. Shi a ganinsa gudu gudu ne, a yi mota mai gudu, sauran magana ta biyo baya. Ya samo wata tsohuwar mota mai lafiyar jiki ya ja ta ƙarƙashin rumfarsa. Ya cire kujerun baya don nauyi ya ragu, ya gwada ta, ya ji ta ƙara kuzari, sai ya cire gilasai ya sa roba. Ya kai injin aka rarake cikinsa aka zuba manyan fistin. Ya yanke ƙasan bayanta don faffaɗar taya ta sami wurin zama. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta tarar da shi kwance a ƙarƙashin motar. Masu kawo gyara suka gaji da jin a dawo gobe, suka koma garejin gaba. Bayansa ya riƙe, idonsa ya yi ja saboda hasken walda. Matarsa ma ta daina tambayar yaushe za a gama, sai dai ta aiko da abinci ya huce a kan murfin inji.

Ranar tsere ya kai motar fili. Alƙalan da ke duba motoci kafin a shiga suka zagaya ta, suka leƙa ciki, suka ɗora ta a sikeli. Babbansu ya dube shi ya ce, "Malam, wane aji ka yi wa motar nan?" Ya ce, "Ni dai gudu na yi mata." Aka yi masa bayani cikin mutunci. Ajin titi ta wuce shi, tunda an rarake injinta an kuma yanke jikinta. Babban aji kuwa ba a shiga sai an gina wa direba kejin ƙarfe a ciki, don in mota ta kife kada ta murƙushe shi, ita kuma ba ta da shi. Ya ja motarsa ya koma, ko tayar da ita bai yi a filin ba. Ya sake shiga ƙarƙashinta, ya yi ta waldar ƙarafa, duk nauyin da ya sha wahalar cirewa ya dawo ta wata hanya. Da lokacin tsere ya zagayo aka karɓe shi a babban aji, aka tsayar da shi kusa da wata mota da aka ƙera tun daga ƙasa domin wannan ajin. Aka ɗaga tuta, ya taka iyakar ƙarfinsa, motar ta ba da duk abin da ke cikinta, amma hayaƙin abokin karawarsa kawai ya gani. Ya fito ya jingina da shinge yana kallon ajin titi. Wadda ta ci ranar irin tasa ce sak kafin ya taɓa ta, da kujerunta da komai, har da dardumar salla a baya. Da kunnensa ya gane tasa ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, sai dai ba za a taɓa tsayar da su tare ba.

Ya so ya mayar da motar yadda take. Kujerun kuwa 'yan gwangwan sun daɗe da kwashewa, injin da aka rarake ba ya cikewa, ƙasan da ya yanke ko an liƙe alƙalai za su ga tabon. Ƙarfin sake wata kuma babu. Ya tura ta gindin dalbejiya, tayoyi suka sace, awaki suka mayar da inuwarta wurin kwana. Shi ya koma gyaran birkin mutane, yana durƙusawa da ƙyar, in an tambaye shi labarin motar sai ya ce tana nan.

Hannunsa bai gaza ba, Sallau, motar ma ba ta gaza ba. Tambaya ɗaya ce bai yi ba lokacin da ƙarfen ke cikakke, ya zo yin ta bayan zarto ya riga ya bi ta kai. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane.