Manomin Tumatir da A-kori-kura

Ka ce ka yi fushi ka baro musu cinikin, kana jiran su neme ka. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomin rani mai lambun tumatir a fadama. Kowace shekara direbobin haya ne ke shan romon wahalarsa, don sai sun ga dama suke zuwa ɗaukar kaya, kuma abin da suka yanka shi zai biya. Da abin ya ishe shi, ya tara abin da ya tara, ya sayar da bijimansa, ya shiga birni wurin masu sayar da motoci ana saura kaɗan tumatir ya nuna. Ya samu a-kori-kura mai lafiya, makanike ya duba ya ce ba ta da matsala sai wata 'yar lotsawa a ƙofar baya. Manomi ya kama lotsawar nan ya yi ta kushewa kamar a kanta motar ke tafiya. Ya taya, dila ya ce albarka. Ya ƙara, aka rage masa, har abin da ya saura tsakaninsu bai wuce kuɗin 'yan kwanduna ba. Dila ya ce, "Alhaji, cika wannan in sallama maka." Kuɗin kuwa suna aljihunsa. Amma shi a kasuwar da ya sani, mai saye yakan juya baya ne, mai kaya ya bi shi da gudu yana roƙo, domin tumatir ba ya kwana. Shekara da shekaru shi ake yi wa haka. Yau ga shi da kuɗi a hannu, sai ya so shi ma ya ɗanɗana daɗin a kira shi. Ya kaɗe riga ya nufi ƙofa. Ya rage sauri, ya tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi, ya sayi ruwan da ba ya jin ƙishinsa, kunne duk yana baya. Da ya saci kallo, sai ya ga dila ya koma kan bencinsa a inuwa yana shan rake. Manomi bawan Allah ya manta cewa mota ba ta ruɓewa.

Da a nan ya juya ya cika kuɗin, da ba wanda zai san an yi. Sai ya koma gida ya cika baki a majalisa, wai ya bar wa dila lambar waya, da kansa zai kira yana ba da haƙuri. Waya shiru. Lambu ya yi jawur. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, ka koma mana." Ya ce shi ba zai koma a ce ya ji jiki ba. Abin haushin ke nan, ba rashin kuɗi ya hana shi ba, kunyar 'yan majalisa ce. Tumatirin kowa ya nuna lokaci guda, motoci suka yi wuya, direbobi suka ninka kuɗi. Kwandunansa suka jeru a bakin hanya cikin rana, ruwa na tsiyaya ta ƙasansu, ƙudaje sun samu biki. Sai da wari ya fara tashi sannan ya lallaɓa birni ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya tarar an ajiye wata motar a gurbin waccan. Washegari aka ce ga wani sabon direba ya shigo fadama yana ɗaukar kaya. Manomi ya bi shi da roƙo, ya biya abin da aka yanka masa ba tayi, ya tsince ɗan abin da bai ruɓe ba. Yana ɗaga kwandon farko zai ɗora, idonsa ya sauka kan lotsawar nan ta ƙofar baya.

Don haka kafin ka juya wa ciniki baya, duba ka ga kayan wa ke lalacewa, naka ko nasa. In naka ne, tashi ka koma tun ba a sayar ba. Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya.