Farin Ɗigo a Hoton Zinatu

Likitan ya manna hoton a jikin gilashi mai fitila, ya nuna wani wuri da bakin alƙalami. Ba'indiye ne, abin da ya faɗa sai nas ta juya shi Hausa. Alhaji Kailani na zaune ya ɗora ƙafa, matarsa Zinatu na gefensa cikin mayafi. Yayarta Atika tana tsaye bakin ƙofa riƙe da jakar ƙanwar, don ba wanda ya yi mata tayin kujera.

Abin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, fari fat, a maman hagu. Nas ta ce ƙullutu mai santsin gefe sau da yawa ba komai ba ne, amma wannan ya yi saiwa-saiwa, irin wanda ake tsoro ke nan. Hoto dai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a ce ciwon daji ne ko ba shi ba ne, kuma kada a wuce mako biyu.

Likita ya nemi ya duba da hannu. Alhaji ya ce a kai kasuwa, ba namijin da zai taɓa masa mata.

"Ranki ya daɗe," in ji Atika, "in mai shi ba ta jin ciwo a wurin fa?"

Nas ta ce ai wanda ba ya ciwo shi ne mugun. Alhaji ya waiga ya watsa wa Atika harara, ya ce, "Ke kuma wa ya sako da ke?"

Da gaskiyarsa, Atika ba kowa ba ce a gidan nan. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, su duka a tukunyar Alhaji suke ci, ita ce daka, ita ce wanki. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Zinatu, kamarsu kamar an tsaga kara, amma rabo ba a tsaga shi daidai ba.

Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun haukata gari. Alhaji ya sami kwangilar siminti, ya doka bene a Tudun Wada, ya zama duk wani sabon abu sai ya riga kowa. Da Zinatu ta yi ƙorafin maman dama na yi mata suka, ya ce ai wani asibitin kuɗi ya sauke injin hoto daga Turai, gobe a je. Zinatu ta yi mako tana noƙewa. Matan unguwa sun ce hasken injin nan busar da mahaifa yake, ita kuwa shekara uku da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Amma Alhaji ba ya maimaita magana, ya taɓa sakin mace a kan ƙaryar da ba ta taka kara ta karya ba. Wata safiya Zinatu ta ce ta yarda, direba ya kai su ita da yayarta. Kafin sakamako ya fito ma sukan ya daina.

Da labari ya bazu, gida ya cika. 'Yan dubiya daga Gyallesu da Hanwa, malamai na sauka a zaure, an yanka rago. Kowa ya fito sai ya yaba tawakkalin Zinatu: ko hawaye ba ta yi, tuwonta ma tana cinyewa tas. Atika ce ta zabge, ta kasa ɗaga taɓarya, tana lissafin kwana da yatsu. Mata suka ce, "Kai, zumunci bai mutu ba."

Kwana tara suka wuce, Alhaji ya ce shi ba za a yanki matarsa a Zariya ba. Landan za su, daga can su zarce aikin Hajji. Wata uku ke nan.

Atika ta sami ƙanwarta da hantsi tana jera atamfofi a akwati. Ta tura ƙofa, ta durƙusa, ita da ta goya ta.

"Zinatu, don darajar iyayenmu, mu koma wurin likitan nan, mu biyu. Saura kwana biyar."

"Yaya, kin san halinsa. In magana ta fita, ni da ke da 'ya'yanki duka a titi za mu kwana."

"To bar mini hoton da katin."

"In ce masa me a Landan? Ki yi haƙuri, in na dawo a san abin yi." Ta zura ambulan ɗin hoton ƙarƙashin kaya, ta ja zif. Can kuma ta ce, ba tare da ta ɗago ido ba, "Ban taɓa shiga jirgi ba fa, Yaya."

Wallahi wannan kalmar ta fi komai yi wa Atika ciwo.

Ran Alhamis Marsandi ta tsaya a ƙofar gida za ta kai su filin jirgin Kano. Atika ce ta ɗauko akwatin a ka. Alhaji ya miƙa mata makullan sito, ya ce ta kula da gida, ta dage da addu'a, ita da Allah ya ba lafiya. Mata suna ta share hawaye. Atika ta san yadda za a yi: likitocin Landan za su duba su ce ba komai, a dawo a yi walima, a ƙara wa malamai goro don addu'arsu ta ci.

Motar ta sha kwana. Atika ta koma ciki ta ɗora sanwar rana da hannun dama, don na hagun ya fara nauyi. Ran da aka kira sunan Zinatu Kailani a ɗakin hoto, Zinatu na zaune a benci tana tsaron mahaifarta; wadda kuwa ta miƙa kati ta kwance zani a gaban injin Atika ce.