Mai Kuɗin Takin

Muntaka ya dire buhun gero na ƙarshe a ƙofar shagon Alhaji Lawan. Shekara uku ke nan yana biyan bashin taki. Har babur ɗinsa sai da ya sayar, don kada a ci gaba da nuna shi a kasuwar Makoda.

"Alhaji, yau mun rabu. Allah ya isa tsakanina da kai!"

Alhaji ya yi dariya. "Ni ɗan aike ne, Muntaka. Kai Allah-ya-isarka gida. Kuɗin Hure ne."

"Hure matata?"

"Ita fa. Sau biyu tana ranta maka kuɗin awakinta, ko sisi ba ka mayar ba. Shi ne ta biyo ta hannuna. Ta ce kunyar maza kawai kake ji."