Masu rubutun da ba su sa suna ba

Baba yana ɗinkin guga a gindin aduwar gidanmu a Tarka, bayan la'asar. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar fata, wannan yammacin nake tunawa. A lokacin ana ta maganar ƙuri'ar amincewa da sabon kundin tsarin mulki, shi kuwa bai san ɓangaren da zai jefa tasa ba.

Ya tambaye ni abin da mushe, wato malaminmu, ya koya mana a lakwal, makarantarmu ta boko. Na ce labarin Amirka ne: da suka tsara nasu kundin, wasu mutane sun yi ta rubutu a jarida suna lallashin jama'a su amince da shi, amma ba su sa sunayensu na gaskiya ba.

Ya ce, "Tsoro suke ji?"

Na ce, "A'a, Baba. Mushe ya ce don a auna maganar ne, ba mai maganar ba."

Ya ja zaren fata da haƙori, ya ƙulle.

Can ya ce, "Dabara ce mai kyau. Amma ni in wani ya ce igiya za ta riƙe ni in shiga rijiya, sai na san ƙofar gidansa tukuna."

Ban taɓa tambayarsa abin da ya zaɓa ba. Da na girma na karanta rubuce-rubucen nan, hujjojinsu kuma sun gamsar da ni. Duk da haka, sai da na je na nemo sunayen mutanen.