Ranar da Muka Yi Binne a Banga

Shekarar da aka fara Shari'a ce, muna Banga, rumbunmu babu komai sai ƙwarya ɗaya ta irin gero. Ruwa ko ɗigo bai sauka ba. Bayan la'asar Baba ya saɓa sungumi ya ce mu tafi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa.

Yana sara, ina zuba iri, cikina na kuka. Ƙanshin geron nan har yau yana hancina. Na dire ƙwaryar na ce, "Baba, a ba Inna ta daka muna shi mana! Muna yunwa, kana ciyar da tururuwa?"

Ya ɗauke ni da mari. "Rufe da ƙafa, ɗan banza. Allahn da ya tsaga bakinka bai manta da kai ba."

Na rufe, ina jin tsanarsa. Ruwa ya yi latti, tururuwa suka kwashe rabi, sauran ya kai mu kaka da ƙyar.

Marin nan bai huce mini ba. Amma bana, a 'yar gonar da ta rage mini, binne na yi. Ɗana ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Rufe da ƙafa."