Kilo Saba'in da Takwas

Tayar baya ta hagu ce ta ƙi ba da haɗin kai. Bakaniken ya sake kwanciya a kan kwali, ya zura sifana, ya juya noti rabin zagaye, sannan ya jawo jiki waje yana nishi ya duba sikelin da ke ƙarƙashin tayar. Har yanzu ta fi 'yar'uwarta ɗaukar nauyi da kilo tara.

"Zauna daram," ya ce ta tagar direba. "Ka motsa, mu koma farko."

Bai tsaya jiran amsa ba. Ya share gumi da bayan hannu ya koma ƙarƙashin motar.

Motar Auta ce, ɗansa na ƙarshe. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, ita ce ta zuwa ofis, ita ce ta cefane, ita ce ta kai 'yarsa makaranta. Amma ran Auta na can filin tseren bayan gari, inda ake buɗe wa masu motocin gida ƙofa sau ɗaya a shekara. Bara ya je, motar ta yi ta rangaji a kowace kwana kamar jakin da aka jibga wa kaya gefe guda, ya dawo abokai na yi masa tsiya. Sai ya dage har ya sayo shokozoba huɗu sababbi da sifirin masu tauri, irin waɗanda ake ɗagawa a sauke da noti. Ya jere kwalayen a garejin mahaifinsa.

"Baba, ka sa mini. Ta riƙe kwana a fili, amma kar ta karya wa jikarka ƙugu a ramukan unguwa."

"Mako mai zuwa," in ji bakaniken.

Ai kuwa, mako mai zuwa ya yi ta zuwa yana wucewa. Kullum akwai motar wani da ta fi gaggawa, ɗan gida kuwa ina za shi? Wata goma sha ɗaya kwalayen na shan ƙura, har mai facin da ke maƙwabtaka ya mayar da ɗaya kujerar cin abinci. Auta ya yi naci, ya yi zolaya, ya yi fushi, daga baya ya daina tambaya. Wannan shirun ne ke cin bakaniken yanzu. Gobe Asabar za a buɗe filin, shi kuma ya rantse motar nan ba za ta kwana ba a shirya ta ba.

Ɗaura ƙarafan ba shi ne aikin ba, wannan tun shekaranjiya ya gama. Aikin shi ne rabon nauyi. Kowace taya a kan sikelinta, kuma ba a auna mota sai da nauyin direba a kujerarsa, don wadda aka daidaita babu kowa ciki, da mai ita ya zauna sai ta karkace. Masu gaggawa sukan kira duk wanda ke wucewa su ce ya shiga ya zauna. Shi bai taɓa yarda da wannan ba. Nauyin mai mota ake bi, ba na wani ba. Kilo saba'in da takwas, haka Auta ya rubuta a jikin kwali ranar da ya kawo su, har da zanen wata fuska mai gwalo.

Mai faci ya leƙo bayan azahar, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Tsoho, ko in kama maka wani abu?"

"Mun kusa."

Mai facin ya dubi kujerar direba. Ya koma kan aikinsa bai yi tsokanar da ya saba ba.

Kilo tara ya koma biyar. Biyar ya koma bakwai, don da ka sassauta wa baya sai gaba ta ɗauka. Gadon bayan bakaniken ya riƙe, noti ya gurje masa fata. Sau biyu ana kawo masa motoci, sau biyu yana cewa su nemi wani garejin, yau ba ya aikin kowa.

Rana ta yi sanyi lokacin da matar Auta ta iso da abinci a kwano ɗaya. Ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta ajiye kwanon a kan benci. Ba ta matso kusa da motar ba.

Ya yi juyi na ƙarshe, ɗan kaɗan, ya fito ya bi sikelan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bin su. Sun daidaita. Motar ta zauna ƙasa-ƙasa, a miƙe, ba ta jingina ko'ina.

Ya daki rufinta da tafin hannu.

"To, ga ta nan. Yanzu ka ce tsoho bai iya ba." Ya sunkuya ta tagar. "Ranar aiki ka sassauta ta, ranar fili ka ɗaure. Na rubuta maka yadda ake yi, takardar na cikin aljihun gaban motar."

Ya daɗe yana riƙe da ƙofar.

"Aikin kwana uku ne fa," ya ce. "Kwana uku kacal. Ka yafe mini."

Matar Auta ta rufe baki da gefen mayafi.

"Baba, goben, wa zai tuƙa ta?"

Ya buɗe ƙofar, ya kwance bel ɗin da shi da kansa ya ɗaura da safe, ya sa hannu biyu ya rungumo abin da ke kan kujerar a hankali. Ɗaya bayan ɗaya ya sauke su ƙasa, buhunan yashi uku, kilo saba'in da takwas cif, nauyin Auta kafin ciwon da ya cinye shi ya kai shi kabari makonni uku da suka wuce.