Sunan da Ba a Kira

Tun da aka mai da wasan yaƙi na kwamfuta hanyar cin abinci, kowane gida yake da jarumi a allo. Na gidan Tasalla maharbi ne, ita da mijinta Ɗantani suke karɓa-karɓa wajen jan sa. Duk matakin da ya hau, hular da ake sawa a buga wasan takan zare wani abu daga ƙwaƙwalwar mai sanye da ita. An ce abin da ba ka amfani da shi kawai take ɗauka.

Ranar Laraba da hantsi Ɗantani ya cire hular yana murmushi.

"Mataki na arba'in, Tasalla. Yanzu kibiyarmu gida bakwai take tsallakewa."

"Me hular ta ɗauka?"

"Ban ji na rasa komai ba."

Sai ga sallamar Kubura, 'yarsu ta fari, ta kawo musu fura daga gidan mijinta. Shekara ashirin da uku bai taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar ɗan fari. In ta shigo, kau da kai yake yi.

Yau ya dube ta ido cikin ido, ya shimfiɗa mata tabarma da hannunsa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga wane gida?"

Kubura ta yi dariya, ta zaci tsokana ce. Tasalla ta dubi hular. Gobe ita za ta sa, kuma ita ma bakinta bai taɓa furta sunan ba.